DAJIN GUNDUMI AMANAR WA NE? NASIHA GA MATASAN MUSULMI

Dukkan godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya azurta bayinSa da ƙasar noma da ruwan sha da inuwar itace, ba domin sun biya Shi da kome ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi musulmi, ko kai mutumin Kurawa ne, ko Gatawa, ko Tsamaye, ko Isa, ko Sabon Birni, ina so ka ba ni aron hankalinka kaɗan a kan wata kalma da ta zama ruwan dare a bakinmu, har ba mu jin nauyinta. Kalmar kuwa ita ce: "Ai na gwamnati ne."

Idan ka ga mutum yana sarar ɗanyen icce a gandun daji ka ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah," sai ya ɗago kai ya ce maka, "Mi ya dame ka? Na ubanka ne? Ai na gwamnati ne." Shi ke nan ya rufe maka baki, kai ma sai ka wuce kana jin kamar ka yi shisshigi. Amma wannan mutumin da kansa, da akuyar maƙwabci za ta ci masa ganyen rogo guda, sai an kai ga gaban mai gari. To tambayar da wannan ɗan littafi yake so mu amsa ita ce: abin da ba na mutum ɗaya ba, na wa ne? Kuma idan ya lalace, wa Allah zai tambaya?

DAJIN DA MUKE MAGANA A KANSA

Ba sai an gaya maka Dajin Gundumi ba, wanda hanyar Marnona zuwa Isa ta ratsa ta cikinsa. Daji ne mai tsohon suna. A shekarar 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wani Bature matafiyi ɗan ƙasar Jamus mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ƙetare shi daga wajen Zurmi, ya ba da labarin cewa sai da ayarinsu ya yi awa 26 yana tafiya ba a yada zango ba, saboda ƙishirwa da tsoron mahara. A lokacin ana cikin yaƙi tsakanin Sakkwato da Gobir. Daga baya Allah Ya kawo zaman lafiya, aka keɓe dajin ya zama gandu, aka sa masa iyaka da malaman daji, aka yi hanyar mota. Iyayenmu suka riƙa ratsa shi dare da rana. Makiyayi ya yi kiwo, mai magani ya saro sassaƙe, maharbi ya yi farauta, mata suka tsinto kanya da aduwa da magarya da tsamiya.

Ka lura da wannan da kyau: itatuwan da suke nan lokacin tsoro, irinsu ne suke nan lokacin aminci. Ashe abin da ke canzawa halin mutane ne da halin shugabanni.

Abin da ya biyo baya kai ma shaida ne. Malaman daji suka ragu har aka daina ganinsu. Turakun iyaka suka ɓace. Masu hali suka riƙa yankar gonaki a cikin gandu da cikin burtali. Manyan motoci suka riƙa fita da marke da ƙirya, itace da gawayi, zuwa birane. Da idon jama'a da na hukuma ya bar dajin, sai wasu suka shiga suka mai da shi gida. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona ɗungum, ta ce matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Dubi wannan abin takaici: ba a hana motocin itace ba sai da jini ya zuba. A watan Disamba na wannan shekarar aka ƙona matafiya fiye da 20 a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Tun daga 2019 dubban 'yan'uwanmu suka ƙetara iyaka zuwa Gidan Rumji da sauran ƙasar Maraɗi suna gudun hijira. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mai da na gudun hijira gidajensu lafiya.

Ban ce sarar icce kaɗai ta jawo mana wannan musiba ba. Dalilai suna da yawa: zalunci a wurin shari'a, talauci, jahilci, shigowar makamai, ramuwar gayya. Amma duk mai adalci ya san cewa watsi da daji da cinye makiyaya suna cikin tushen abin.

HUKUNCIN DUKIYAR JAMA'A A MUSULUNCI

Ka sani, ya ɗan'uwa, keɓe daji domin amfanin jama'a ba Bature ya zo da shi ba. Kalmar nan tamu ta "hurumi", wadda kowane tsohon gari yake da shi a bayan ganuwa, daga shari'a ta samo asali. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u, a wajen Madina, domin kiwon dawakin musulmi. Ya kuma sanya wa Madina kanta alfarma, ya hana a sare itatuwanta. Sayyidina Umar (R.A.) a zamaninsa ya keɓe Rabaza da Sharaf. Sayyidina Abubakar (R.A.) kuwa, da zai aika runduna Sham, cikin wasiyyar da ya yi wa kwamandansa har da hana sare itace mai 'ya'ya. Wannan fa a fagen yaƙi ke nan, a ƙasar abokan gaba. To ina ga ƙasarka, lokacin da ba wanda ya tilasta ka? A nan ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin ƙasar da ba a raya ba, da yadda ake mallakarta da inda ba a mallaka.

Amma abin da nake so ka riƙe shi ne labarin Sayyidina Umar da baransa Hunayyu, wanda Imamu Malik da Buhari suka ruwaito. Da ya naɗa shi mai gadin hurumi, sai ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya umurce shi ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga su yi kiwo, amma ya tsare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan attajirai ko dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, shi kuwa talaka idan 'yan bisashensa suka mutu, ba shi da inda za shi sai ƙofar shugaba, da 'ya'yansa a bayansa.

Dubi su wa aka ce a tsare wa garke: mutum biyu daga cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna. Matsayinsu bai sa an buɗe musu hurumin jama'a ba. Mu kuwa mun juya wannan wasiyya ta koma kai ƙasa ƙafa sama. Tsohuwa mai ɗaurin ƙirare ita ake tsarewa a ƙwace mata gatari, mai mota goma ta gawayi shi ake ɗaga wa hannu ya wuce.

Haka kuma ya zo a hadisi cewa musulmi abokan tarayya ne a cikin abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Ma'anar tarayya kuwa ita ce kana da rabo, ni ma ina da rabo, maraya yana da rabo, jaririn da ba a haifa ba yana da rabo. Saboda haka wanda ya ce "na gwamnati ne" domin ya halatta wa kansa, ya yi kuskure babba. Ko dokar ƙasa ta 1978 cewa ta yi gwamna yana riƙe da ƙasar jiha a matsayin amana domin jama'a. Mai riƙon amana ba shi ne mai dukiya ba. Mai dukiya kai ne da ni da sauran bayin Allah. Kuma cin dukiyar jama'a ya fi cin ta mutum guda wahalar tuba. Idan ka ci ta mutum ɗaya, ka san ƙofar gidansa, sai ka je ka nemi gafara. Idan ka ci ta jama'a, gidan wa za ka je? Ranar ƙiyama mutum nawa za su riƙe wuyan rigarka?

TSORON ISKA YA TAFI, TSORON ALLAH BAI ZO BA

A nan akwai wata magana mai ɗaci da ya wajaba mu gaya wa kanmu. A da, a ƙasar Gobir da sauran ƙasar Hausa, akwai tsamiya da kuka da gawo da ba mai iya sa musu gatari, domin an ce gidan iskoki ne. Ana yi musu yanka, ana zuba musu nono. Wannan shirka ce tsantsa, ba shakka a ciki, kuma mun gode wa Allah da Ya kawo ilmi ya kawar da ita. Icce ba ya cutarwa ba ya amfanarwa sai da ikon Allah.

Amma ga abin da na gani da idona. Shekarun baya mun je wa'azi wani ƙauye, muka yi bayani a kan wata tsohuwar tsamiya da ake tsoro a bakin gari. Da muka koma bayan 'yan makonni sai muka tarar da kututture. Wani saurayi ya tare mu yana murna, ya ce, "Malam, munka ji wa'azinku munka kashe ta, ba abin da ya same mu." Na ce masa, ina itacen? Ya ce sun sayar. Na ce, ana yi mata yanka har yanzu? Ya ce a'a, an daɗe da bari. Na ce, to tsofaffin da ke hutawa a gindinta fa, da matan da ke tsinkar 'ya'yanta domin kunu? Sai ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, domin laifin har da namu: mun gaya masa abin da zai daina tsoro, ba mu gaya masa Wanda zai tsorata ba.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare itaciyar da mutane suka riƙa zuwa suna salla a gindinta, suna cewa a nan aka yi mubaya'ar Ridwan, domin ya toshe ƙofar shirka. To shi wannan Umar ɗin shi ne ya sa mai gadi a hurumi. Ya sare guda domin tauhidi, ya tsare dubbai domin amana. Wanda ya ɗauki rabin farko ya bar na biyu bai bi Umar ba. Abin kunya ne a ce mai bori ya fi mai tauhidi barin inuwa a bayansa.

SHUBUHOHI DA AMSOSHINSU

Shubuha ta ɗaya: Wani zai ce, "Malam, wanga daji shi ne maɓoyar ɓarayi. A sare shi duka a ƙone, kowa ya huta."

Amsa: Mun ji zafin da ya sa ka faɗi haka, kuma ba wanda zai zargi wanda aka kashe wa uba idan ya faɗa. Amma ka yi tunani. Wanda ɓeraye suka shiga rumbunsa, rumbun yake ƙonewa? Ɓarawo yana bisa babur, gobe ya koma wani dajin. Kai ne za a bari da fako, da iskar bazara mai binne shuka da rairayi, da ruwan damina mai kwasar ƙasar gona ya zuba a Gulbin Bunsuru da Gulbin Rima har su cike da yashi su yi ambaliya. Share gefen hanya domin matafiyi ya hangi gabansa, wannan aikin hukuma ne kuma maslaha ce. Halaka dajin gaba ɗaya kuwa ɓarna ce a bayan ƙasa, kuma Allah ba Ya son masu ɓarna.

Shubuha ta biyu: Wani zai ce, "Talaka yana jin yunwa, ba ya iya zuwa gona, da itacen nan yake ciyar da iyalinsa. Ka ce ya bari ya ci mi?"

Amsa: Wannan ita ce shubuha mafi ƙarfi, kuma wasiyyar Sayyidina Umar ta riga ta amsa ta. Ba a keɓe hurumi domin a kori talaka ba, an keɓe shi ne domin talaka. Busasshen icce, da reshe, da ganye, da 'ya'ya, da ciyawa, haƙƙinsa ne. Abin da muke yaƙi da shi shi ne kashe uwar itaciya daga tushe, da yankar gandu a ba masu kuɗi, da fataucin gawayi mota mota. Shi talakan da ya yini yana sara, nawa ake ba shi? Ribar tana hannun wanda bai taɓa riƙe gatari ba. Kuma idan dajin ya ƙare, mai mota ya canza sana'a, shi kuwa talaka matarsa ce za ta dafa tuwo da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

Shubuha ta uku: Wani zai ce, "Wannan aikin gwamnati ne. Ta turo soja, ta sa allo, ta sa doka."

Amsa: Tsaron rai wajibin hukuma ne, kuma ba za mu gaji da neman ta sauke shi ba. Amma allo ba ya gadi. Dajin Kamuku na Birnin Gwari an ɗaga shi ya zama gandun ƙasa na tarayya a 1999, Sambisa ta Barno gandun namun daji ce tun da daɗewa, Dajin Rugu na Katsina gandu ne mai suna. Duk sunayensu suna cikin takardun gwamnati, kuma ka san abin da ya same su. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandaye 10, har da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina. Abu ne mai kyau, amma dajin da mutanen da ke kewaye da shi ba su ɗauke shi nasu ba, ko an sa masa allon zinariya ba zai tsaru ba.

Tsare maslahar jama'a fardu kifaya ne, watau irin farillar nan da idan wasu suka yi ta sauka daga kan saura, idan kowa ya ƙi kuwa kowa ya yi laifi, kamar sallar jana'iza. Manzon Allah (S.A.W.) ya buga mana misali da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka so su huda wajensu domin su ɗebi ruwa cikin sauƙi. Idan na sama suka kyale su, duka za su nutse. Idan suka riƙe hannunsu, duka za su tsira. Kai da ka taɓa ƙetare Rima da kwalekwale lokacin da ta kawo, ba ka bukatar sharhi.

ABIN DA MAƘWABTANMU SUKA YI

Kada ka ce ba ya yiwuwa. Ƙetara iyaka kaɗan ka ga 'yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi, harshenmu ɗaya, ƙasarsu ma ta fi tamu ƙarancin ruwa. Bayan farin 1973 da yunwar 1984 gonakinsu sun zama fili fetal. An yi ta dashen itatuwa suna mutuwa. Tun daga 1983 wani ma'aikaci ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manomi yake sassabewa kowace shekara, na sabara da kalgo da geza da gawo, tohon tsofaffin kututture ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa ta riga ta kai ga laima. Sai manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a share toho duka, sai a zaɓi masu ƙarfi kamar uku zuwa biyar a kan kowane kututture, a datse saura, a riƙa yi musu aski suna miƙewa. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Kuma ba dabarar sassabe kaɗai ta yi aikin ba. A garuruwa irin su Ɗan Saga mutane suka kafa kwamitin gari mai sa ido, suka yi wa kansu ƙa'ida a kan mai satar sara. Ita ma hukuma ta gyara dokokinta a 1993 da 2004, manomi ya sami natsuwar cewa iccen da ya rena zai ci amfaninsa. Jama'a suka fara, hukuma ta biyo baya. Kai da ka san gawo, mai kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ba bisashe abinci, ka san irin arzikin da ake magana. Wanda ya tunatar da su ba musulmi ba ne. Mu da aka gaya mana cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar musulmi sadaka ce a gare shi, mene ne uzurinmu?

ABIN DA YA WAJABA A KANKA

Na farko, ban ce ka shiga daji ba. Kada wani ya ce an tura shi ya jefa kansa ga halaka. Kuma ban ce ka ɗauki doka a hannunka ba, domin ɗaukar doka a hannu da kisan wanda ba shi da laifi saboda ƙabilarsa suna cikin abin da ya hura wannan wuta. Fara daga inda ƙafarka take iya zuwa lafiya: gonarka, da hurumin garinku, da maƙabarta, da harabar makaranta. Bana idan za ka yi sassabe, bar toho. Ruwan alwala da yake malala a ƙofar masallaci, a yi masa hanya zuwa gindin dashe.

Na biyu, ku haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Samarin kowane gari su kafa ƙungiya ƙarƙashin dattawa da limamai, kuma lallai a sa makiyaya a ciki. Bafulatanin da aka sace wa shanu, aka toshe wa burtali, ɗan'uwanka ne musulmi kuma shi ma wanda aka zalunta ne. Duk maganar daji da aka yanke ba da shi ba, ba za ta ɗore ba.

Na uku, ku zauna da tsofaffi tun suna da rai, ku rubuta inda iyakar hurumi take, inda burtali ya bi, inda mashaya take. Wannan ilmi yana cikin ƙirjin mutanen da suke ƙarewa, kuma gudun hijira ya warwatsa su. Ranar da aminci ya dawo, in Allah Ya so, masu kuɗi za su riga kowa isa da takardunsu. Idan ba ku da naku a rubuce, za a raba dajin kuna kallo, a sake shuka irin fitinar da muke girba yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, ku tafi ga shugabanni da ladabi da haƙuri da naci: mai gari, hakimi, Sarkin Gobir na Isa da na Sabon Birni, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisarku, har ma'aikatar da ke kula da gandun daji a Sakkwato. Ku tafi da takarda, da bukatu ƙididdigaggu: a sake fitar da iyakar gandu a kafa turaku, a bayyana wa jama'a waɗanda aka ba gona a cikinsa da wanda ya ba su, a buɗe burtali, a ɗauki malaman daji daga 'ya'yan yankin a kuma biya su haƙƙinsu, a tsare haƙƙin talaka na busasshen icce da kiwo, a hana fataucin ɗanyen icce. Nasiha ga shugaba addini ce, ba tawaye ba ce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan masu neman ƙuri'a suka zo, kada ku tsaya ga sabulu da taliya, ku tambaye su maganar daji a gaban jama'a.

Na biyar, ka fara da kanka da gidanku. Idan mahaifinka ne ya shigar da gonarsa cikin burtali, ka yi masa magana da taushin murya, ka nuna masa kana jiye masa tsayuwar gobe ne. Idan kai ne dillalin gawayi, ka nemi wata sana'a tun kana da ƙarfi. Ba ya kyautuwa ka yi sahun farko a masallaci, ka yi sahun farko a cin amanar jama'a.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwa, na san zuciyarka tana iya cewa, "Ana ta rai wa yake ta icce?" To ka tuna Manzon Allah (S.A.W.) ya kwaɗaitar da cewa ko da tashin ƙiyama ne ya riski mutum da ɗan dashe a hannunsa, idan yana da zarafin dasawa to ya dasa. Halin da muke ciki, duk tsananinsa, bai kai tashin ƙiyama ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808, kakanninmu ba su ce duniya ta ƙare ba, suka sake kafa garuruwa, suka bar mana kuka da tsamiya da muka sha inuwarsu ba mu san wanda ya rene su ba. Za a tambaye mu abin da muka bar wa na bayanmu.

Saboda haka daga yau, idan wani ya ce maka "ai na gwamnati ne," ka ce masa: na Allah ne, Ya ba mu amana ni da kai, kuma zai tambaye mu.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya da Nijar baki ɗaya. Allah Ya shiryi masu ɓarna, idan ba masu shiryuwa ba ne Ya isar mana da sharrinsu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya ba mu ikon riƙon amana. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan, Allah Ya gafarta mana. Idan ka karanta, ka miƙa wa ɗan'uwanka, wanda bai iya karatu ba kuwa ka karanta masa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.